WALIYIYA MARGARET TA KASTELLO (1287–1320): GURGUWA, MAKAUNIYA, BAIWAR ALLAH

Kowace shekara ran 13 ga watan Afrilu Ikilisiya takan tuna da wata mace 'yar ƙasar Italiya wadda iyayenta suka ɓoye domin kunya, daga baya kuma suka yashe ta a garin da ba ta san kowa ba. Sunanta Margaret. Idinta yakan faɗo mana a tsakiyar bazara, sa'ad da ake sharar gona ana kai taki, sau da yawa kuma hidimomin Mako Mai Tsarki ko na Ista sukan rufe shi, har ranar ta wuce ba a ambace ta ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo tarihinta a wannan fitowa, gama a ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Bichi zuwa Dambatta, daga Kunci zuwa Minjibir, ba baƙon abu ba ne a ga yaro ko yarinya mai jan ƙafa, waɗansu kuma ba a ganinsu sam, suna can ƙuryar ɗaki.

Haihuwarta

An haifi Margaret wajen shekara ta 1287 a Metola, wani ƙaramin gari mai ganuwa a bisa duwatsun tsakiyar Italiya, kusa da garin Mercatello. Mahaifinta Parisio shi ne mai riƙe da wurin, mutum ne mai sarauta da dakaru, mahaifiyarta kuwa sunanta Emiliya. Irin wannan gida magaji yake jira, wanda zai hau doki ya riƙe takobi. Da aka sauka lafiya aka duba abin da aka samu, sai ga 'ya mace makauniya, ƙashin bayanta a tanƙware, ƙafarta ta dama kuma ba ta kai ta hagu tsawo ba. Da ta girma ma ba ta yi tsayi ba, wada ce, tana da doro, tana tafiya da ɗingishi mai tsanani, sai da sanda.

Ba a yi shagalin suna ba. An dai yi mata baftisma a asirce, aka raɗa mata Margaret, sunan da asalinsa a harshen Helenanci yake nufin lu'ulu'u. Wannan kaɗai za mu iya yaba wa gidan Parisio a cikin dukan labarin, cewa ba su hana ta baftisma ba.

Kafin mu ci gaba, bari mu tsaya kaɗan a kan jikin nata, domin abin da mutanen zamaninta suka ɗauka la'ana ne likitocin yau sun san yadda yake faruwa. Tun jariri yana cikin mahaifa ƙasusuwan ƙafa da na ƙugu sukan fara ne kamar guringuntsi, sa'an nan su riƙa ƙarfi a hankali, aikin kuwa ba ya ƙarewa sai mutum ya kusa shekara 20. In wani abu ya sami wannan gini tun daga tushe, sai ƙashin cinya ɗaya ya fito gajere, ko kuwa gurbin da kan ƙashin cinya yake zama a ƙugu ya kasa zurfi, kan ƙashin ya riƙa zamewa. Ƙafa ɗaya in ta gaza, ƙugu yakan karkace, ƙashin baya kuma ya lanƙwasa domin ya daidaita jiki. Akwai irin waɗannan lalurori da ake gādo, waɗansu ba a cika ganinsu ba ƙwarai. A cikinsu akwai wadda ake haihuwar yaro da ƙoƙon gwiwa ɗan mitsitsi ko babu shi ɗungum, ƙasusuwan ƙugu kuma ba su gama haɗuwa ba. Sai a 2004 masana suka gano ƙwayar gādon da take jawo ta. Ba za mu liƙa wa Margaret sunan wata cuta ta zamani ba. Abin da ya tabbata shi ne da lalurarta aka haife ta, a ginin ƙashinta take, babu kuwa laifin kowa a ciki.

Ya kamata kuma mu raba wannan da abubuwa biyu da mutanenmu sukan haɗa su wuri ɗaya su ce gurgunta. Na ɗaya shan inna ne, wanda ƙwayar cuta ce take kama jijiyoyin yaron da aka haifa lafiya lau. Jihar Kano ta ɗanɗana kuɗarta a hannunsa, musamman bayan an dakatar da rigakafi a 2003 ba a koma ba sai a 2004. A watan Agusta na 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an kawar da asalin ƙwayar daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu. Na biyu shi ne laushin ƙashi na ƙuruciya, wanda yake sa ƙafafun yaro su lanƙwashe kamar baka ko su yi gwame. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a ƙasarmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalilinsa, ana kuwa samun wannan sinadari a nono, da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, da ganyen kuka.

Ɗakin da ba ƙofa

Shekarunta na fari ta yi su a cikin gidan mahaifinta kamar wadda ba ta nan. Barori sun san da ita, baƙi ba su sani ba. Labari ya nuna cewa da Parisio ya ga asirin yana neman tonuwa, sai ya sa magina suka ɗora wani ɗan ɗaki a jikin majami'ar wurin, aka shigar da yarinyar, aka toshe ƙofar da dutse da ƙasa. Aka bar mata taga da za a miƙa abinci, da wata da ke duban bagade domin ta ji Misa ta kuma karɓi Jibin Ubangiji. Wurin nan kan dutse ne, ƙasa ce mai sanyi da ƙanƙara a lokacin hunturu. Mu da muke kuka da sanyin watan Janairu muna zagaye da wuta, sai mu kwatanta.

Abin mamaki, a wannan kurkuku ne ta sami malami. Firist ɗin da ke hidima a majami'ar ya lura yarinyar tana da kaifin basira, ya riƙa zuwa bakin taga yana koya mata addu'a da koyarwar bangaskiya da labarin Yesu. Makaho da kunne yake karatu, abin da ya shiga kuwa ba ya fita da sauri. Mu ma mun san makafin ƙasarmu da irin haddarsu. Tsofaffin marubutan tarihinta sun shaida cewa ta haddace Zabura duka 150, tana kuma iya bayyana ma'anarsu har masu ilimi su yi shiru su saurara. A cikin Zabura ta 27 akwai inda aka yi maganar wanda uwa da uba suka yashe shi, Ubangiji ya karɓe shi. Mu mukan rera wurin mu wuce. Ita da ta haddace shi, tarihin ranta ne take maimaitawa.

Kada mu yi saurin cewa wannan muguntar Turawan dā ce. A nan ƙasar Kano, inda gonaki suke manne da juna, gida yana kallon gida, ba abin da yake ɓoyuwa, duk da haka an iya ɓoye ɗa. Ana barinsa a ɗaki ran kasuwa da ran biki, ana tafiya coci ran Lahadi a bar shi da tsohuwa, in an zo rubuta sunayen masu koyon katekisma a lissafa 'ya'ya biyar a tsallake na shida. Dalilin kuwa ɗaya ne da na Parisio: kada a ce gidan wane akwai abu, kada 'yan'uwan yarinyar su rasa masu aure. Har yanzu akan ji ana raɗa cewa wane ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi, ko kuwa alhakin wani ne ya kama uwar. Mai bi ba shi da hurumin wannan magana. A Bisharar Yohanna sura 9 almajirai sun kawo wa Ubangiji irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa, shi kuwa ya kawar da duka biyun. Hausawa ma tun kafin Bishara ta iso sun san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tafiya Kastello

Ana nan sai labari ya bazu cewa a birnin Kastello, wanda mutanensa ke kira Città di Castello, a bakin kogin Taiba da ke gangarawa har Roma, ana samun warkarwa a kabarin wani ɗan'uwa na ƙungiyar Waliyi Faransis mai suna Yakubu, wanda ya rasu a 1292. Parisio da Emiliya suka fito da 'yarsu, suka ƙetare duwatsu da ita, suka kai ta majami'ar Waliyi Faransis, suka ajiye ta a cikin marasa lafiya da ke kewaye da kabarin. Marubuta sun sha bamban a kan shekarunta a lokacin: waɗansu sun ce tana 'yar shekara biyar, waɗansu kuma sun ce ta kai sha shida, suna sa abin a 1303. Amma a kan abin da ya biyo baya bakinsu ɗaya. Aka yi addu'a, mu'ujiza ba ta zo ba. Da iyayen suka ga yadda suka kawo ta haka take, sai suka sulale suka kama hanyar gida, ba sallama. Ba su sāke nemanta ba har abada.

A ganinmu nan ne zunubinsu ya cika. Sun je wurin Allah kamar mai kai tsohon keke wurin gyara, in ya gyaru a hau, in bai gyaru ba a bar wa mai gyara. Wannan hali bai mutu ba. Iyaye sukan yi yawo da yaro daga maɗori zuwa boka, daga boka zuwa gidan addu'a inda ake alkawarin mu'ujiza a daren Juma'a, a sayar da akuya, a jinginar da gona, in abin ya ƙi sai zuciya ta mutu a kan yaron, a daina ko kiran sunansa da daɗi. Ikilisiya ta gaskata da mu'ujiza, tana kuwa yi wa marasa lafiya addu'a kullum. Amma ga wata da aka kai kabarin tsarkaka ba ta warke ba, ta mutu da doronta da gajeriyar ƙafarta, ita ce kuma yau Ikilisiya ta ɗaga a gaban duniya. Ɗan'uwa Yakubu da aka je neman albarkacinsa, ba don ita ba da kaɗan ne za su tuna da shi.

Da mu'ujizar da za a nema da taimakon da ke kusa ba sa faɗa da juna. A Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Jaririn da ƙugunsa ke zamewa, in an gane da wuri cikin watannin fari, sau da yawa ɗauri na musamman kaɗai yake isa ba sai an yi fiɗa ba. Wanda aka haifa da tafin ƙafa a murɗe akan miƙar da shi da filasta mako bayan mako. Ƙafar da ta gaza 'yar'uwarta kaɗan, takalmi mai tudu yakan sauƙaƙa wa ƙugu da baya. Maɗori gwani ne a kan karaya, amma ƙashin da tun asali bai ginu daidai ba, ja da matsa ba sa ƙara masa tsawo, sai azaba. Ga kuma magana ga iyaye mata da shugabannin Zumuntar Mata: yarinyar da ƙugunta yake a karkace ko a tsuke, in ta yi aure ta sami ciki, a kai ta awo, ta kuma haihu a asibiti. Doguwar naƙuda a gida ita ke kawo yoyon fitsari, wani lokaci a rasa uwa da ɗa.

Cikin mabarata, cikin Sistoci

Waɗanda suka fara tsintar Margaret mabaratan birnin ne. Su suka koya mata hanyoyi da kwanoni, da ƙofofin da ake bayarwa da waɗanda ake kora. Bayan haka talakawan gari suka riƙa karɓarta gida gida, wannan ya riƙe ta kwanaki, wancan ya karɓa. Abin da gidan sarauta ya kasa, masu neman na tuwon dare suka ɗauka. Wannan ya tuna mana da tsarin da muka tarar a ƙasar Hausa, inda makafi suke da Sarkin Makafi, guragu suke da Sarkin Guragu, suna sasanta tsakaninsu suna karɓar baƙonsu. Ko da yake bara ba sana'ar da za mu so wa kowa ba ce, wanda ya san yadda suke riƙe junansu ba zai raina su ba.

Da labarin ibadarta ya kai kunnen Sistocin wani ƙaramin gida mai sunan Waliyiya Margaret a birnin, sai suka karɓe ta. Za a ce wahala ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Gidan ya riga ya yi sanyi wajen kiyaye ƙa'idarsa, shiru ya zama hira, lokacin addu'a ya zama na karɓar baƙi. Ita kuwa da aka karanta mata ƙa'ida ta ɗauka abin da aka rubuta shi ake nufi, ta shiga bi sau da ƙafa. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, zamanta kawai ya zame musu tsawa. Ƙarshenta suka sallame ta, har da ɓata mata suna a gari, aka riƙa yi mata ba'a a titi.

Ba mu ɓoye wannan sashe ba, ko da yake bai yi wa masu hidimar Ikilisiya daɗi ba. Iyayenta na jiki sun yashe ta sau ɗaya, gidan addini ya yashe ta na biyu, wannan kuwa ya fi zafi, domin a nan ta sa rai. Mu firistoci da katekistoci da shugabannin ƙungiyoyi ya kamata mu ji tsoron wannan labari. Majami'a nawa muka gina da matakala masu tsawo, wanda ke jan gindi ko mai keken guragu sai dai ya tsaya a rana ya ji ta taga? Tagar Metola ke nan muka sāke ginawa da siminti. Sau nawa kuma aka zaɓi mai karatu ko ɗan ƙungiyar mawaƙa aka tsallake wanda ya fi kowa murya domin tafiyarsa zuwa gaba za ta ɗauki lokaci? Sarki Dawuda, bisa ga Littafin Sama'ila na Biyu sura 9, ya aika aka nemo Mefiboshet ɗan Yonatan, gurgu a ƙafa biyu, ya zaunar da shi a teburinsa kullum kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki.

Gidan Venturino da Grigia

Bayan korar, wani magidanci mai suna Venturino da matarsa Grigia suka kai ta gidansu, a nan kuwa ta zauna har ƙarshen ranta. Sun so su ba ta wuri mai kyau, ita ta zaɓi wani ɗan ɗaki a can saman bene inda za ta yi addu'a ba mai damunta. Ba zaman cin tuwo ta yi ba. Ita ta riƙa koya wa 'ya'yan gidan addini da ladabi, maƙwabta ma suka riƙa kawo nasu ta lura da su sa'ad da iyaye suka fita aiki. Makauniya tana kiwon 'ya'yan masu ido, iyayen kuwa hankalinsu a kwance.

A wannan zamani ne ta shiga cikin matan da ake kira Mantellate, wato masu mayafi. Mata ne da ke zaune a gidajensu amma suna bin ƙa'idar Waliyi Dominik, wanda ya rasu a 1221, suna sa farar riga da baƙin mayafi, suna ba da kansu ga addu'a da tuba da hidimar matalauta. Yawancinsu gwauraye ne da manyan mata, karɓar budurwa kamarta ba abin da aka saba ba ne. Waliyiya Katarina ta Siyena, wadda aka haifa a 1347, shekara 27 bayan rasuwar Margaret, irin wannan mayafi ta sa. Mu a Arewa ba baƙin wannan iyali ba ne: 'yan Dominikan daga Amurka aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, Sistocinsu kuma suka iso Gusau a 1956, da yawa daga cikin katekistocin ƙasar Hausa kuwa a Malumfashi suka yi horo a hannunsu.

Kowace rana takan dogara sandarta ta tafi majami'ar 'yan Dominikan domin Misa, tana yawan zuwa furta zunubi. Tsofaffin marubuta sun ce takan yi azumi daga idin Gicciye Mai Tsarki, 14 ga Satumba, har zuwa Ista, ran Juma'a kuma gurasa da ruwa kaɗai. Ba muna cewa mai rauni ya kwaikwayi wannan ba, zamaninsu dabam ne, Ikilisiya ma ta ɗauke wa marasa lafiya azumi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne inda tunaninta ya fi zama. Asirin haihuwar Yesu ne: Maryamu, da Jariri a komin dabbobi, da Waliyi Yusufu. In ta fara maganar Yusufu ba ta gajiya, a zamanin da girmama shi bai yaɗu a Ikilisiya kamar yau ba. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane dalili. Wadda ubanta ya toshe mata ƙofa ta sami uban da ya tashi da dare ya ɗauki yaron da ba daga jikinsa ya fito ba, ya gudu da shi Masar domin ya tsirar da shi.

Daga majami'a sai gidajen marasa lafiya da masu baƙin mutuwa, sai kuma kurkukun birni. Kurkukun wancan zamani rami ne mai duhu da ɗoyi, wanda ba shi da mai kawo masa abinci yunwa ce za ta kashe shi. Takan kai musu abinci da tufafi da ta roƙo, ta zauna ta yi musu magana. Fursuna yana iya ce wa firist ko attajiri bai san zafin ɗauri ba. Wannan 'yar ƙaramar mace ba mai iya gaya mata haka. A dukan abin da aka rubuta a kanta kuma ba a sami inda ta zagi iyayenta ko ta kai ƙararsu ba, alhali ambaton sunan Parisio kaɗai ya isa ya kunyata shi a ƙasar duka.

An ba da labarin al'ajibai da dama a rayuwarta. Wanda aka fi sani shi ne na ranar da gobara ta tashi a gidan Venturino tana can sama: ta miƙo mayafinta ta ce a jefa a wutar, aka jefa, wutar ta mutu.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

Jikin da aka haifa da rauni, aka kuma yi masa horo irin wannan, bai daɗe ba. Ta karɓi sakramenti na ƙarshe daga hannun 'yan Dominikan, ta rasu a gidan Venturino da Grigia ran 13 ga Afrilu, 1320, tana da shekara 33.

Da aka kawo gawar za a kai makabarta kamar ta kowa, sai jama'ar gari suka taru suka ƙi, suka ce a cikin majami'a za a binne ta, yadda ake yi wa tsarkaka. Ana cikin gardama, in ji labarin, sai aka kawo wata yarinya gurguwa kuma bebiya aka kwantar kusa da makara, ta tashi da ƙafafunta tana magana. Gardama ta ƙare nan take. Aka kuma rubuta cewa da aka buɗe zuciyarta wajen shirya gawar an sami ƙananan duwatsu uku kamar lu'ulu'u, ɗauke da siffofin Jariri Yesu da Maryamu da Yusufu. Ikilisiya ba ta tilasta wa kowa gaskata irin wannan ba, tsarkin Margaret kuma bai rataya a kansa ba.

Tarihinta ya iso mana ta rubuce-rubuce biyu na harshen Latin, doguwa da gajeruwa, waɗanda aka yi a ƙarni na 14. A 1952 wani firist ɗan Dominikan Ba'amurke, Fada William Bonniwell, ya fitar da littafi a kanta da Turanci, shi ya sanar da ita a ƙasashen da ke jin wannan harshe. Littafi ne mai daɗin karatu, sai dai ya cike giɓin labarin da hirarraki irin na mai ba da tatsuniya, don haka wanda ya same shi ya karanta da wannan sani.

A 1558, da aka buɗe kabarin domin akwatin ya ruɓe, aka tarar da jikinta bai lalace ba. Ran 19 ga Oktoba, 1609, Paparoma Bulus na Biyar ya yarda a riƙa yin Misa da addu'o'in idinta a Kastello, daga nan aka riƙa kiranta Mai Albarka. A 1675 Paparoma Kilemen na Goma ya faɗaɗa izinin ga dukan ƙungiyar Dominikan. A 1988 aka naɗa ta majiɓinciyar makafi da naƙasassu a dayosis ɗin Kastello da na Urbino, inda Metola take. Sa'an nan, bayan shekara 701 da rasuwarta, ran 24 ga Afrilu, 2021, marigayi Paparoma Faransis ya sa sunanta cikin waliyai. Ya bi wata hanya da ba a cika bi ba, wadda Paparoma yake tabbatar da tsarkin wanda masu bi suka daɗe suna girmamawa ba fasawa, ba tare da an jira sabuwar mu'ujiza ko an yi babban taro a Roma ba.

Daga gidan Parisio a Metola, hasumiya ce ta rage a tsaye a kan dutse. Jikin Margaret kuwa yana kwance cikin akwatin gilashi a ƙarƙashin babban bagaden majami'ar Waliyi Dominik a Kastello, saye da farar riga da baƙin mayafi, masu ziyara suna ganin ƙanƙantarta da idonsu. Parish ko ƙauyen da ke so ya kiyaye idinta, in 13 ga Afrilu ta faɗo cikin Mako Mai Tsarki ko makon Ista, sai katekist ya shawarci Fada a zaɓi wata rana kusa, a kuma shirya tun da wuri wanda zai ɗauko waɗanda ba sa iya takowa da kansu, ko a keke ko a amalanke.